Kalmomin Jaruntaka da Juriya da Ƙarfin Hali a Harshen Ingilishi: Asalinsu da Matsalar Fassara Su

Duk wanda ya taɓa zama domin fassara wani rubutu daga Ingilishi zuwa Hausa, ko kuwa ya tsaya gaban ɗalibai yana yi musu bayanin wani littafin adabin Turawa, ya san irin wahalar da kalmomin yabon hali suke bayarwa. Marubucin Ingilishi yakan ce wane yana da *courage*, wane kuwa *fortitude*, wani *pluck*, wani *grit*, wata al'umma kuma *resilience*. Mai fassara in ya gaji sai ya tattara su duka ya zuba a kwando guda ya ce jaruntaka, in ta ƙi zama ya ce juriya. Ƙamus mai harshe biyu ba kasafai yake fid da shi kunya ba, domin aikinsa ya kawo makwafin kalma ne, ba shi da filin da zai faɗi irin mutanen da suka saba furta ta, da wurin da ake furta ta, da kuma hoton da take ɗauke da shi a ƙarƙashinta. Littattafan da ke jera kalmomi bisa kusancin ma'ana, irin wanda Peter Mark Roget ya wallafa a 1852, su ma ƙara ruɗa baƙo suke yi, don suna nuna masa kalmomin a jere kamar duk ɗaya ne.

Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa bambancin da ke tsakanin waɗannan kalmomi yana ƙunshe ne cikin tarihinsu. Kowace ta shigo Ingilishi ta wata ƙofa, wata ta fada, wata ta makaranta, wata kuma ta mahauta ko maƙera, kuma har yau da sauran ƙanshin inda ta fito a jikinta.

Kalmomin Fada da Fagen Fama

Tsohon Ingilishi, wato harshen ƙabilun da suka ƙetaro daga arewacin Turai suka zauna Ingila, yana da nasa kalmomin, kuma wasu sun rayu har yau, kamar *bold* da *heart*. Amma a 1066 William, sarkin yankin Normandi na arewacin Faransa, ya ci Ingila da yaƙi, daga nan Faransanci ya zama harshen fada da kotu da barade har wajen shekara 300. Sai a 1362 aka yi dokar da ta ce a riƙa yin shari'a da Ingilishi. Ba abin mamaki ba ne ke nan da aka tarar manyan kalmomin jaruntaka na Ingilishi yawancinsu aro ne daga Faransanci, tun da yaƙi sana'ar masu magana da wannan harshe ce.

Uwar su duka ita ce *courage*, wadda ta shigo wajen shekarar 1300. Tushenta kalmar Latin ce *cor*, ma'ana zuciya. Da farko ba ta keɓanta ga rashin tsoro ba. Tana nufin zuciya ne a matsayin mazaunin tunani da sha'awa da fushi, har ma Chaucer, wanda ya rasu a 1400, ya yi amfani da ita wajen zancen tsuntsayen da bazara take motsa wa zuciya. Sannu a hankali ma'anar ta tsuke, ta koma ga ƙarfin zuciyar da ke sa mutum ya fuskanci abin tsoro. A nan mai jin Hausa yana da sa'a, domin ƙarfin zuciya ta yi daidai da ita ciki da waje. Sai dai ya kamata a lura da 'ya'yanta guda biyu, *encourage* da *discourage*. Bature zuciya yake sa wa mutum ko ya cire masa, Bahaushe kuwa gwiwa yake ƙarfafawa ko ya karya. Wanda ya bi kalma da kalma ya ce an ba wane zuciya ya kauce hanya, don kuwa a Hausa wanda ya yi zuciya fushi ya yi.

Kalmar *brave* ba ta iso ba sai ƙarshen ƙarni na 15, daga Italiyanci ta hanyar Faransanci, kuma ta daɗe tana ɗauke da ma'ana biyu: jarumi, da kuma mai ado da ƙawa. A zamanin Shakespeare ana iya yabon riga ko jirgin ruwa da ita. Wannan tsohuwar ma'ana ce ke cikin sunan littafin Aldous Huxley na 1932, *Brave New World*, sunan da ya ɗauko daga wasan Shakespeare mai suna *The Tempest*. Ɗalibin da ya fassara shi da sabuwar duniyar jarumai ya rasa habaicin da marubucin ya nufa, wato duniya ce mai ƙyalƙyali a ido. Daga wannan gida kuma aka sami *bravado*, wadda ba yabo ba ce, cika baki ne da burga irin ta wanda cikinsa ya ɗuri ruwa.

*Valour* da *gallantry* kalmomin hukuma ne, ba a cika jin su a hirar yau da kullum ba. Ta farko daga Latin *valere* take, wato kasancewa da ƙarfi ko daraja, kuma da ma'anar ƙima ta fara shiga Ingilishi kafin ta koma bajintar fagen fama. Ita aka rubuta a jikin lambar girma ta Victoria Cross, wadda aka ƙirƙiro a 1856 domin sojan da ya yi bajinta gaba da gaba da abokan gāba. Da Sarki George na Shida ya ƙirƙiro George Cross a 1940, lokacin da jiragen Jamus suke ruwan bama-bamai a Landan, domin a girmama bajintar da aka yi ba a fagen daga ba, sai aka rubuta *gallantry* a jikinta. Ita wannan kalma tana da wani reshe da ya shafi ladabin namiji ga mata, abin da kalmomin Hausa irin su bajinta da sadaukantaka ba su ɗauke da shi.

Kalmar Malamai

Bayan Faransanci sai Latin, harshen coci da jami'a. Daga nan *fortitude* ta fito, daga *fortis*, mai ƙarfi. Ita ce sunan ɗaya daga cikin manyan halaye huɗu na kirki da masana falsafar Girka da Rum suka ƙididdige, sauran su ne hikima da adalci da kamun kai. Aristotle, wanda malaman Larabci suke kira Arisɗo, ya ajiye jaruntaka a tsakiyar aibu biyu, ragwanta a gefe guda, ganganci a ɗaya gefen. Ingilishi ya tanadi kalmomi domin wannan gefe na biyu, kamar *rash* da *reckless* da *foolhardy*, wadda ta haɗa wawa da jarumi a kalma guda. Abin lura kuma shi ne kalmar Girkanci ta jaruntaka, *andreia*, daga sunan namiji aka ƙera ta, haka ma *virtus* ta Latin wadda ta haifi *virtue*, haka *muru'a* ta Larabci. Hausa ma tana da mazantaka da namijin ƙoƙari, har a kan ce mace ta yi namijin ƙoƙari ba tare da kowa ya ji wani abu ba.

Amma abin da ya raba *fortitude* da kalmomin barade shi ne abin da Thomas Aquinas, malamin addinin Kirista da ya rasu a 1274, ya tabbatar: babban aikin wannan hali shi ne tsayuwa a jure, kai hari yana bayansa, domin danne tsoro a tsaya wuri guda ya fi wuya bisa ga afka wa abokin gāba cikin zafin zuciya. Saboda haka a Ingilishin yau majinyacin da ciwo ya daɗe yana ci, ko matar da aka yi wa rasuwa, su ake yaba wa da *fortitude*. Ba a faɗin ta ga wanda ya faɗa kogi ya tsamo yaro.

A nan ne Hausa ta fi Ingilishi yalwa. Akwai dauriya, wato danne zafi kada ya fito a fuska, irin ta saurayin da ake zuba wa bulala a filin sharo yana kallon madubi, ko mai naƙudar da ta cije ba ta yi raki ba. Wannan ita ce Turawa suke kira *stiff upper lip*, maganar da ake jingina wa mutanen Ingila ko da yake a Amurka aka fara ganin ta a rubuce a farkon ƙarni na 19. Akwai jimiri, wato daɗewa kan aiki mai wuya ba tare da gajiyawa ba, wanda ya yi kusa da *stamina* da *perseverance*. Akwai naci, wanda kamar *tenacity* yana iya zama yabo ko ƙorafi. A saman su duka kuma akwai haƙuri. An saba fassara haƙuri da *patience*, amma *patience* ta Ingilishin yau ta ƙanƙance, galibi jira ba tare da gajen haƙuri ba take nufi, kamar na mai bin layi. Haƙurin da ake ba mutum a zaman makoki, ko na mai dafa dutse ya sha romo, *fortitude* ya fi kusa da shi. A laccar da A. H. M. Kirk-Greene ya gabatar kan mutumin kirki a wurin Hausawa, wadda aka buga a 1974, ya lissafta halaye 10: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Jaruntaka ba ta cikinsu, haƙuri kuwa yana nan. Ko ba a yarda da jerin nasa duka ba, ya yi nuni ga inda al'ummar ta fi ɗora nauyi.

Daga Mahauta da Maƙera

Rukuni na uku shi ne ya fi ba baƙo wahala, alhali shi ne ya fi rai a bakin masu harshen. Gajerun kalmomi ne, yawancinsu gaɓa ɗaya, kuma kowace sunan wani abu ne da ake iya taɓawa da hannu.

*Pluck* asalinta fizga ne. Mahauta suna kiran zuciya da hanta da huhun dabba da wannan suna, saboda tare ake fizgo su daga cikin dabbar da aka yanka. 'Yan damben Ingila na ƙarni na 18 su suka mayar da ita sunan ƙarfin zuciya, kuma Francis Grose ya sa ta cikin ƙamusunsa na maganganun 'yan tasha na 1785. An daɗe ana ganin ta kalmar da ba ta dace da bakin mai mutunci ba, kafin ta sami shiga a zamanin Sarauniya Victoria. A yau ƙarami ake yaba wa da ita, yaro ko ƙaramar ƙungiyar da ta yi tsayin daka gaban wadda ta fi ta, kuma akwai ɗan sigar tausayi a cikin yabon. *Guts*, wato hanji, ta bi wannan hanya a ƙarshen ƙarni na 19, amma ita har yanzu ba ta shiga rubutun hukuma ba. Mai fassarar da ya sa wa sojan da ke hira a bariki kalmar sadaukantaka a madadin *guts* ya sa masa rawani a inda marubucin ya bar shi da hula.

*Mettle* da *metal*, wato ƙarfe, kalma ɗaya ce da ake rubutawa iri biyu, sai wajen farkon ƙarni na 18 aka raba musu aiki. Hoton da ke ciki na takobi ne, wanda ba a sanin ingancin ƙarfensa sai an sara da shi, shi ya sa kalmar ta fi zuwa tare da zancen gwaji. *Nerve* jijiya ce, kuma fuska biyu gare ta: natsuwar likita mai fiɗa ko matuƙin jirgi cikin hadari, da kuma tsaurin ido. *Backbone* tarko ce ga mai jin Hausa, domin ƙashin baya a Hausa madogara yake nufi, kamar a ce noma shi ne ƙashin bayan arzikin ƙasa. Ingilishi yana da wannan ma'ana, amma in aka ce shugaba ba shi da *backbone* ana nufin ba ya iya tsayawa kan magana ɗaya, kowa ya matsa masa sai ya lanƙwashe.

*Grit* tsakuwa ce ko rairayi mai kaushi, kuma Amurkawa ne suka mayar da ita sunan hali a farkon ƙarni na 19. Ta daɗe a matsayin kalmar makiyaya da mazauna daji, kamar yadda take a sunan littafin Charles Portis na 1968, *True Grit*. Sai a 2007 Angela Duckworth ta Jami'ar Pennsylvania da abokan aikinta suka ɗauke ta suka mayar da ita kalmar ilmin halayyar ɗan Adam, suka ba ta ma'anar naci da ƙwazo kan buri mai nisa, suka kuma auna ta a tsakanin ɗaliban makarantar hafsoshi ta West Point da yara masu gasar haɗa baƙi. Littafinta na 2016 ya yaɗa kalmar cikin makarantu. Wasu masana sun yi suka cewa tsohon hali ne da aka riga aka sani, wato kula da aiki da cika shi, aka sake wa suna. Ko ma yaya ne, mai fassara ya duba shekarar rubutun da ke gabansa, don *grit* ta littafin labari taurin rai ce, ta takardar malaman tarbiyya kuwa naci ce.

Hali Zanen Dutse

*Character* daga Girkanci take, inda take nufin abin da ake zana alama da shi, ko tambarin da ake bugawa a jikin kuɗin ƙarfe. Hoton ya zo daidai da na karin maganar da ke cewa hali zanen dutse. Turawan Ingila na ƙarni na 19 sun ɗauki wannan kalma da girma ƙwarai. Makarantun kwana na 'ya'yan manya, musamman tun zamanin da Thomas Arnold ya shugabanci ta Rugby daga 1828 zuwa 1842, sun ɗauka gina hali shi ne aikinsu na fari, kuma Samuel Smiles ya rubuta littafi sukutum mai wannan suna a 1871. A wannan ƙarni ne kuma aka yawaita rarrabe jaruntakar jiki da *moral courage*, wato tsayawa kan gaskiya ko da za a rasa muƙami ko farin jini. Ita ce jigon littafin John F. Kennedy na 1956 kan 'yan majalisar dattawan Amurka 8 da suka saɓa wa jam'iyyunsu ko masu zaɓensu.

To, in aka bi kalma da kalma, *strength of character* ita ce ƙarfin hali, kuma an sha fassara ta haka. Amma ba abu ɗaya suke nufi ba. Ƙarfin hali a Hausa aiki ne na wani lokaci, wanda mutum yake yi fiye da ƙarfinsa ko matsayinsa: majinyaci ya yi ƙarfin hali ya tashi ya tari baƙo, talaka ya yi ƙarfin hali ya yanka rago. Yana kuma iya zama zargi, kamar yadda karin magana ta ce ƙarfin hali, ɓarawo da sallama. Ta wannan fuska *nerve* da *pluck* su ne danginsa. *Strength of character* kuwa ɗabi'a ce zaunanniya, ba a yin ta yau a bari gobe, kuma ba a taɓa zagi da ita. Mutumin da aka ba cin hanci ya ƙi, aka tsorata shi bai canja magana ba, shi ake nufi. Bahaushe zai ce mutum ne tsayayye, ko mai magana ɗaya, ko mai riƙon gaskiya.

Kalmar da Ta Yi Tashe

*Resilience* ta bambanta da duk waɗanda aka ambata, domin ba daga halin mutum ta faro ba. Tushenta Latin *resilire*, wato yin tsalle a komo baya. Francis Bacon ya yi amfani da ita wajen zancen amsa-kuwwa, a wani littafinsa da aka buga bayan rasuwarsa a 1626. Daga baya ta zama kalmar injiniyoyi. Thomas Tredgold ya yi rubutu a 1818 kan wannan siffa a jikin katako, wato iya ɗaukar nauyi ko duka, ya lanƙwasa, sa'an nan ya koma yadda yake. Gora da roba suna da ita. Dutse ba shi da ita, duk da taurinsa, domin in ya ji dukan da ya fi ƙarfinsa fashewa yake yi.

A 1973 C. S. Holling, masanin muhalli ɗan ƙasar Kanada, ya ɗauko ta ya yi bayanin yadda daji ko tafki yake shanye bala'i kamar gobara ko annobar ƙwari, ya ci gaba da zama daji ko tafki ko da bai koma daidai yadda yake a dā ba. Masana halayyar yara su ma suka karɓe ta. Emmy Werner ta bi rayuwar yara 698 da aka haifa a tsibirin Kauai na Hawaii a 1955 har suka girma. Wajen sulusinsu sun taso cikin talauci da rikicin gida, amma daga cikin waɗannan an sami kimanin ɗaya bisa uku da suka zama mutane natsattsu masu riƙe kansu. Wani abin da aka yawaita samu tare da su shi ne wani babba guda da ya riƙe su da ƙauna, ko kaka, ko malami, ko maƙwabci. Wannan ya nuna cewa tun a wurin masu binciken, siffar ba ta cikin zuciyar yaro kaɗai take ba, har da abin da ke kewaye da shi.

Daga nan kalmar ta shiga bakin hukumomin duniya. Tana cikin taken yarjejeniyar rage bala'o'i da ƙasashe 168 suka amince da ita a Hyogo ta Japan a 2005, tana kuma cikin sunan ƙawancen da aka ƙaddamar a Wagadugu a watan Disamba na 2012 domin ƙasashen Sahel da Afirka ta Yamma bayan fari da yunwar da suka yi ta maimaituwa. Ta haka ta iso ƙasar Hausa, da Ingilishi a Nijeriya, da Faransanci a Nijar, kuma masu fassarar labarai da takardun ayyukan raya karkara suka fi mayar da ita juriya.

Wannan fassara tana da illa wadda ta wuce ta nahawu. Juriya ɗaukar wahala ce a ci gaba da ɗauka, ba ta ce komai ba game da abin da zai biyo baya. *Resilience* kuwa rabin ma'anarta yana ga komowa, abin da Hausa take kira farfaɗowa, ko murmurewa in daga ciwo ne, ko tofowa in itace ne aka sare. Idan takarda ta ce za a ƙarfafa wannan siffa ga manoman da fari ya cinye wa amfanin gona, abin da take nufi shi ne rumbun tsimi, da irin shuka mai saurin nuna, da dabbar da za a sayar a sayi hatsi, da hanyar samun bashi kafin damina ta gaba. In mai fassara ya tsaya gaban waɗannan manoma ya ce an zo a ƙara musu juriya, abin da za su ji shi ne an zo a ba su haƙuri, su kuwa sun riga mai maganar sanin haƙuri. Inda fili ya samu, gara a faɗi abin da tsawo, a ce ikon jure bala'i da farfaɗowa bayansa. Inda kuma tilas sai kalma ɗaya, kamar a kanun labari, farfaɗowa ta fi juriya kusa da abin da Tredgold ya auna a jikin katakonsa.